Ranar da aka gyara wa Alhaji lissafi

A unguwarmu, nan cikin Damagaram, muna da ƴar ƙungiya da muka kafa saboda matsalar ruwa, wadda duk wanda ya taɓa yin bazara a garin nan ba sai an yi masa bayaninta ba. Kowane gida yana zuba abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata, a tara, a gyara famfon unguwa idan ya lalace, a kuma tallafa wa gidajen da ba su da ƙarfin sayen ruwa a hannun ƴan garuwa idan kuɗin jarka ya tashi. Shugabanmu dattijo ne mai rufin asiri wanda na sani fiye da shekara 30, mutum mai hannun kyauta wanda ba a taɓa kama shi da cin ko dala ɗaya ta jama'a ba. Zan kira shi Alhaji kawai, domin halin nake so mu duba, ba tonon asirin mai shi ba.

Wata ranar Asabar bayan la'asar muna zaune a kan tabarmi a ƙofar masallaci, Alhaji yana karanta mana lissafin wata. Da ya gama, sai wani saurayi ɗalibin jami'a ya matso, ya russuna, ya ce: “Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ina ganin kamar an tsallake jika 15 wajen haɗawa.” Abin da yaron ya gano kuwa shi ne Alhaji ya manta bai sa kuɗin da shi da kansa ya fitar daga aljihunsa ya biya mai gyara ba, wato ƙungiya ce Alhaji yake bi bashi. Babu zargi a cikin maganar, babu ko inuwar zargi. Amma fuskar Alhaji ta sauya nan take, muryarsa ta ɗauki rawa, ya dubi yaron ya ce: “Kai ɗan gidan wane ne? Ina ubanka yake lokacin da na kawo famfon nan unguwar nan?” Daga nan ya shiga jero abubuwan da ya yi wa unguwa tun kafin a haifi rabin waɗanda ke zaune, ya naɗe littafin, ya saɓa babbar rigarsa, ya tafi ya bar mu. Sati uku bai amsa gaisuwar mahaifin yaron ba, yana kuma faɗa wa duk wanda ya je gidansa cewa mahassada ne suka turo yaro don a kunyata shi a bainar jama'a.

Dattawa suka ce girman kai rawanin tsiya, suka kaɗa kai, suka bar maganar. Samarin da ke shan shayi a fada kuwa sai na ji suna kiransa da wata kalmar Faransanci, narsisik, wadda suka tsinto a bidiyoyin da suke kallo a salula, suna jifan kowa da ita, daga malamin da ya hana su maki har budurwar da ta ƙi kula su. Duka biyun ba su gamsar da ni ba. Na yi shekaru ina koyarwa a lakwal kafin in yi ritaya, na ga yara da iyaye iri-iri, kuma abin da na gani a fuskar Alhaji a wannan yammacin ya fi kama da tsoro fiye da ƙasaita. Shi ya sa na koma na yi ta karatu da tunani a kan wannan hali na kumbura kai, da kuma inda ya haɗu da abin da masana halayyar ɗan Adam suke kira narsisizim.

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a nan. Taƙama tana cikin tafiya, fariya da homa suna a baki, ɗagawa tana a wuya da kafaɗa, raini yana a ido, ji da kai kuwa can yake cikin zuciya. Ba dukansu ne cuta ba, musamman a gari irin namu da ya tashi cikin sarauta. Ranar hawan sallah mahayi yana taƙama a kan dokinsa, babu mai ganin laifinsa. Maroƙa a ƙofar fada suna jero asali har su kai ga Sarki Tanimun da ya kewaye Birni da ganuwa, wanda ake yi wa kuwa yana jin daɗi, ya sa hannu a aljihu. Ɗan kokowa yana shiga fili ya yi wa kansa kirarin da in ka ɗauke shi da gaske sai ka ce babu mahaluƙin da zai iya kai shi ƙasa, amma idan aka kayar da shi yakan tashi ya kakkaɓe ƙasa ya rungumi abokin karawarsa. Kowa a wurin ya san kirari yana da filinsa da lokacinsa, shi ma mai yin sa ya sani. Matsala tana farawa ne ga mutumin da ya yarda da kirarinsa har cikin ransa, ya shiga da shi kasuwa da masallaci da ɗakin matarsa, yana kuma jiran kowa ya amsa masa amshi dare da rana.

Malamanmu sun riga kowa rarrabe wannan abu. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya ware babi guda a kan kibri da ujubu, ya kuma nuna bambancin da ke tsakaninsu: ujubu shi ne mutum ya ƙayatu da kansa, wanda ko shi kaɗai aka halitta zai iya kamuwa da shi, kibri kuwa ba ya samuwa sai da wani mutum na biyu da za a ga an fi. Iblis bai ce shi mai daraja ne kawai ba, cewa ya yi ya fi Adamu, domin an halicce shi da wuta an halicci Adamu da laka. Ƙaruna kuma ya ce dukiyarsa ya same ta ne saboda wani ilimi da ke gare shi. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ke da kwatankwacin ƙwayar zarra na kibri a zuciyarsa ba zai shiga aljanna ba. Wani ya ce ai mutum yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau. Sai aka amsa masa cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau, kibri kuwa shi ne ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane. Ashe ba a auna shi da faɗin riga ko tsadar turare. Ana auna shi ne da abin da mutum yake yi idan gaskiya ta zo masa daga bakin wanda yake gani bai kai ba, kuma wannan shi ne daidai abin da ya faru a kan tabarmarmu.

Ita kalmar da samari suke amfani da ita, asalinta wata tatsuniya ce ta mutanen Girka na dā. Wani saurayi ne kyakkyawa mai suna Narsisus, wanda ya yi ta wulaƙanta duk mai son sa, har wata rana ya sunkuya a bakin wani tafki ya ga fuskarsa a cikin ruwa, ya kamu da son abin da ya gani, ya kasa tashi daga wurin har ya ƙanjame ya mutu. Wani likita ɗan Ingila, Havelock Ellis, ya aro sunan a 1898, Sigmund Freud na birnin Viyana ya yi dogon rubutu a kansa a 1914, sannan a shekarun 1970 Heinz Kohut da Otto Kernberg suka zurfafa bincikensa a Amurka ta hanyar marasa lafiyar da suke gani. A 1980 ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin kundinta a matsayin cutar ɗabi'a mai zaman kanta. Mutane sukan ɗauki tatsuniyar a matsayin labarin wanda ya cika son kansa. Ni abin da nake gani a cikinta shi ne saurayin ba zai iya rabuwa da tafkin ba, domin ba shi da wata hanyar sanin kansa sai abin da ruwa ya nuna masa. Mai wannan hali haka yake da jama'a: fuskokinmu ne tafkinsa, idan muka yi murmushin yabo ya ga kansa cikakke, idan ɗayanmu ya ɗaure fuska ko ya ce an tsallake jika 15, sai ruwan ya gurɓace, ya ji kamar shi ɗin ne gaba ɗaya ya ɓace.

Kundin likitocin, a bugunsa na 2013, ya kawo alamomi 9, ya ce sai an sami aƙalla 5 a tare da mutum, sun kuma daɗe tare da shi tun farkon shekarunsa na girma, suna bayyana a gida da wajen aiki da cikin abokai, kafin a ce yana da cutar. Ta farko a cikinsu ita ce wannan kumbura kai da muke magana a kai, wato mutum ya riƙa zuzuta abin da ya yi da abin da ya iya, yana jiran a ɗauke shi a matsayin na gaba ko da aikinsa bai kai nan ba. Sauran suna biye da ita kamar ƴan rakiya: yawan mafarkin mulki ko dukiya ko kyau marar iyaka, ganin cewa shi na daban ne, sai manya ne za su fahimce shi, ƙishirwar yabo da ba ta yankewa, jin cewa dole a yi masa abin da ba a yi wa kowa, amfani da mutane kamar tsani, kasa jin zafin da wani yake ji, hassada ko zaton kowa yana yi masa hassada, da kuma ɗagawa a magana da mu'amala. Kumbura kai shi kaɗai bai isa a ce mutum yana da cutar ba, amma da wuya a sami cutar babu shi, domin shi ne ginshiƙin da sauran suka jingina a kai.

Akwai kuskuren da na daɗe ina yi, ina kuma jin mutane da yawa suna yin sa, wato ɗaukar wannan hali a matsayin yarda da kai da ta yi yawa, kamar gishiri ne da aka zarce da shi a miya. Abubuwa biyu ne daban tun daga saiwa. Ku je wajen dukawan garin nan, ku sami dattijon da ya shekara 40 yana ɗinkin fata. Ya san ya iya, ba ya kuma ɓoye cewa ya iya, in ka taya jakarsa da arha zai gaya maka ba ta nan. Amma ka nuna masa inda zare ya karkace, sai ya karɓa ya duba, ya ce gaskiyarka, ya warware ya sake. Kuskuren bai taɓa darajarsa ba, domin darajar tana zaune a wuri mai ƙarfi. Mai yarda da kai yana cewa a ransa na isa, mai kumbura kai kuwa yana cewa na fi, kuma wanda duk rayuwarsa ta rataya a kan fifiko dole ya zauna cikin gadi, tunda kowane yaro mai ƙwaƙwalwa da kowane maƙwabci da ya yi sabon gini barazana ne gare shi.

An gwada wannan a zahiri. A 1998 wasu masana biyu a Amurka, Brad Bushman da Roy Baumeister, sun sa ɗalibai su yi ɗan rubutu, aka yaba wa wasu, aka kushe na wasu da kakkausar magana, sannan aka ba kowa damar ya sakar wa wanda yake zaton shi ya duba rubutun ƙara mai ciwo a kunne. Waɗanda suka fi kowa tsananta ƙarar su ne masu yawan alamun narsisizim da aka kushe, yayin da yawan yarda da kai ko ƙarancinta bai nuna wani tasiri ba. A wannan shekarar kuma Delroy Paulhus a Kanada ya haɗa ɗalibai rukuni-rukuni suna ganawa sau ɗaya a sati har sati 7. A haɗuwar farko masu wannan hali ne suka fi burge abokansu, ana ganin su masu fara'a da ƙwarewa, amma kafin a kai ta ƙarshe ra'ayi ya juya, ana ganin su masu fankama da faɗa. Wannan ya bayyana mini dalilin da ya sa irin waɗannan mutane suke saurin zama shugabannin ƙungiyoyi da saurin samun aure, da kuma dalilin da ya sa baƙo yake fita daga gidansu yana yabo alhali matar gida da yaran shago suna haɗiye abin da suka sani. Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba, amma sai wanda ya kai baki yake ganewa.

Akwai kuma wata fuskar da ta fi wuyar ganewa, wadda nake ganin ta fi yawa a cikinmu saboda tarbiyyarmu ta kunya da kara. Tun 1991 wani masani mai suna Paul Wink ya nuna cewa halin yana da fuska biyu, ɗaya mai hayaniya da nuna isa, ɗaya mai shiru da saurin jin ciwo. Mai fuska ta biyu ba ya cika baki, yana iya zama shi ne mai yawan sunkuyar da kai da cewa ai ni ba kowa ba ne. Yakan zauna a can bayan taro, amma kunnensa yana jiran a ce Malam matso gaba, idan kuwa ba a ce ba, zai koma gida da ƙunci ya kwana yana lissafin waɗanda ba su san darajarsa ba. Yana yin alheri, amma yana rubuta shi a zuci, ranar da aka manta ba a gode ba sai ya janye jiki ya daina zuwa, a yi ta tambayar me aka yi masa ya ce ba komai. A cikinsa akwai wannan imanin cewa shi na daban ne, sai dai duniya ce ta ƙi gani.

Ba zan rubuta wannan ina kallon wasu kawai ba. Shekarar da na bar aiki an yi wani taro inda aka ambaci sunayen malaman da suka daɗe suna hidima, ba a ambaci nawa ba. Na yi murmushi a wurin, na tafa wa kowa, amma na fi kwana goma abin yana ci na, har na sami kaina ina rage darajar abokan aikina a zuci ɗaya bayan ɗaya don in huce. Uwargidana ce ta lura, ta ce: “Malam, yaran da ka koyar ai ba su manta ba, kuma ba don a kira sunanka ka koyar da su ba.” Maganar ta yi mini zafi domin gaskiya ce. Daga nan na fahimci abin da masana suke nufi da suka ce wannan hali mataki-mataki ne, kowa yana da rabonsa a ciki, cutar kuwa tana can ƙarshen tsani inda halin ya sandare har mutum ba ya iya jin magana irin wadda aka gaya mini, ko daga bakin wa ta fito.

Daga ina yake tasowa? Gado yana da hannu, kamar yadda yake da shi a yawancin ɗabi'u, wasu likitocin kuma suna ganin sa ga waɗanda suka tashi cikin wulaƙanci da rashin kulawa, suka gina wa kansu katanga ta girma don su ɓoye rauni. Amma binciken da ya fi taɓa ni a matsayina na tsohon malami shi ne wanda Eddie Brummelman da abokansa suka wallafa a 2015. Sun bi yara 565 a ƙasar Holan tare da iyayensu, yara masu shekara 7 zuwa 12, suna komawa gare su duk bayan wata 6 har sau 4. Suka tarar yaran da iyayensu suke ɗaukar su a matsayin waɗanda suka fi sauran yara, suka kuma cancanci abin da sauran ba su cancanta ba, su ne alamun narsisizim suke ƙaruwa a tare da su. Yaran da suke samun ƙauna da jan jiki daga iyaye kuwa, yarda da kai ce take ƙaruwa gare su. Wato yaron da ake nuna wa ana son sa daban, wanda ake gaya wa ya fi kowa daban.

Na ga wannan da idona a aji. Akwai uban da idan ɗansa ya sami maki kaɗan zai zo har lakwal ya ce mushe, ɗana ba ya faɗuwa, ku sake dubawa, a gaban yaron. Akwai ɗan lelen da aka samu bayan an daɗe ana jira, ko namiji tilo a cikin mata, wanda yayyensa suke yi masa wanki da ɗebo ruwa, idan ya mari ɗayarsu a ce ku ƙyale shi, ai shi ne maigida. Irin wannan yaro yana zuwa aji da yaƙinin cewa layi na wasu ne, kuma ranar da wani ɗan talaka ya zo na ɗaya sai ka ga ya kasa cin abinci, ko ya ce an yi masa maguɗi. Ban taɓa jin haushin waɗannan yara ba, tausayinsu nake ji, domin an ɗora musu kayan da ba za su iya saukewa ba, sun koyi cewa ƙaunar da ake yi musu ta fifikonsu ce, in fifikon ya tafi ba su san abin da zai rage ba. Al'adarmu ta dā tana da nata maganin, ko da ba ta kira shi da suna ba. Iyaye suna kunyar ɗan fari, ba sa yabon ɗansu a gaban mutane, amma yaro yana samun gata wajen kaka da gwaggo da kawu, waɗanda suke jan sa a jiki ba don ya ci jarrabawa ba. Ba na cewa a koma ga uban da ba ya yi wa ɗansa murmushi, domin wannan ma ya bar wa mutane da yawa tabo. Abin da nake tsoro shi ne mu yar da kamewar mu kuma rasa gatan, ya zama abin da ya rage wa yaro shi ne hotonsa a Facebook da jerin masu cewa babu kamarsa.

Wajibi ne in ware wani abu dabam, domin rikita su yana iya jawo asarar rai. Idan mutumin da aka sani da natsuwa ya sauya cikin ƴan kwanaki, ya daina barci amma ba ya gajiya, yana magana ba tsayawa, yana rabar da dukiyarsa, yana cewa shi ne Mahadi ko an ba shi mulkin ƙasa ko yana da asirin da zai azurta Damagaram gaba ɗaya, wannan ba girman kai ba ne. Alama ce ta rashin lafiyar ƙwaƙwalwa mai zuwa lokaci-lokaci, tana kuma da magani. A yi masa addu'a, a kuma kai shi gidan likita ba tare da jinkiri ba, kada a tsaya yi masa wa'azin tawali'u ko a ɗaure shi a ɗaki. Halin da nake magana a kai ba ya faɗowa dare ɗaya, tare da mutum yake girma.

Haka kuma ina roƙon samarinmu su sassauta da wannan kalma. Ƙididdigar da kundin likitocin ya kawo ta nuna masu cutar sosai ba su wuce kusan 6 cikin 100 ba a binciken da ya fi kowane yawa, wasu binciken ma sun sami ƙasa da haka nesa, kuma rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake samu da ita maza ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon kundinta da ya fara aiki a 2022, ta daina raba cututtukan ɗabi'a gida-gida da irin waɗannan sunaye, ta koma duban tsananin matsalar da irin ɓarnar da take yi wa mutum da na kusa da shi. Idan ƙwararru suna taka-tsantsan haka, bai dace wanda ya kalli bidiyon minti uku ya yanke wa kawunsa hukunci ba. Laifi tudu ne, kuma saurin liƙa wa wasu wannan suna yana iya zama wata hanyar cewa ni na fi su.

Babu ƙwayar da ake sha a warke daga wannan hali. Abin da ake yi shi ne doguwar tattaunawa da ƙwararre, wadda takan ɗauki shekaru, kuma masu halin ba kasafai suke zuwa da kansu ba sai duniya ta juya musu baya, kasuwa ta karye ko mata ta tafi ko kujera ta kuɓuce, baƙin ciki ya rufe su. Waɗanda suke zaune da su kuwa, musamman mata da ƴaƴa, ya kamata su san cewa ba gazawarsu ce ta sa ba a taɓa gamsuwa da su ba, kuma idan abin ya kai ga duka ko tozartawa, haƙuri ba ya hana a kai magana gaban manya.

Mu dai a unguwa sai da muka yi muhawara. Wasu dattawa suka ce yaron ya je ya ba da haƙuri ya ce shi ne ya yi kuskure, ai durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na yarda ya je ya gaishe shi, domin Alhaji sa'an ubansa ne kuma yana da haƙƙin girma a kansa, amma ban yarda ya ce ya yi kuskure ba, tunda bai yi ba, kuma idan muka koya wa yaranmu janye gaskiya don ran babba ya yi sanyi, mu ne muke ciyar da halin da muke kuka da shi. Muka kuma tsayar da cewa daga yanzu mutum biyu ne za su riƙa sa hannu a littafi, karatun lissafi kuma ya riƙa zagayawa, don gyara ya zama ƙa'idar kowa, kada ya zama kamar an nufi mutum ɗaya.

Ni aka wakilta in kai masa kuɗinsa. Na je bayan sallar isha'i, na same shi shi kaɗai a zaure. Ya fi awa ɗaya yana ba ni tarihin abin da ya yi wa unguwa, na kuma gaskata shi a duk inda ya faɗi gaskiya, domin da yawa gaskiya ne. Da ya numfasa na ajiye jika 15 a gabansa, na ce: “Yaya Alhaji, wannan haƙƙinka ne, yaron nan kuɗinka ya nemo maka.” Ya daɗe yana kallon kuɗin bai taɓa ba. Sannan ya ce, da wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba: “Malam, tun ina yaron shago a Kasuwar Dole ba a taɓa gyara mini lissafi ba. Mutum nawa ne a wurin ranar nan?” Na ce mun kai ashirin, kuma babu ko ɗaya da ya tashi yana ganin ya ragu da wani abu. Bai amsa ba. Ya tura mini kuɗin ya ce a saya wa gwauruwar da ke bayan masallaci ruwa da su.

Taron da ya biyo baya ya zo a makare, ya zauna a gefen tabarma maimakon tsakiya inda ya saba. Layin karatu ya faɗo a kan wannan saurayin. Alhaji bai dube shi ba ko sau ɗaya, yana ta jan carbinsa, amma ya zauna har aka karanta lissafin ƙarshe, aka miƙo masa littafin, ya sa hannu a ƙarƙashin sa hannun yaron.